An ce fibromiyalji ce, to wane lokotoro zan riƙe a nan Maradi?

Maman Nana:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina fama da ciwon jiki ko'ina, wuya, kafaɗu, ƙugu har cinyoyi, in na tashi da sahe kamar ban runtsa ba, ga mantuwa, sai in shiga ɗaki in tsaya in rasa abin da ya kawo ni. An yi mini maganin masassara da taifot har na gaji. Daga ƙarshe yayana ya kai ni Yamai wajen lokotoron gaɓoɓi, ya sa aka yi analiz ɗin jini, tiroyid, da VS da CRP masu nuna kumburi a jiki, duka suka hito lahiya lau, ya tattaɓa jikina, ya yi ta tambayata kan barci da gajiya sannan ya ce fibromiyalji ce. Ya rubuta mini Laroxyl ɗan kaɗan da dare, ya ce in nemi wanda zai riƙa bina a Maradi, shi kuma in komo wurinshi bayan watanni.

To nan fa matsalar take. Wanda na fara zuwa wurinshi ya duba takardun ya ce "Hajiya ai ba ki da komi, tunani ne ya yi miki yawa", ya rubuta diklofenak da bitamin, wallahi da hawaye na hito. Na koma wani wurin, kullum na je sai in tarar da sabon mutum a kujera, in sake ba da labari tun daga farko, kowa da ordonansinshi. Yamai kuma ya hi kilomita 600, yini guda cur a cikin kar, in na sauka sai na kwanta jinyar tahiyar kanta.

Wane irin lokotoro ya kamata in nema? Dole ne sai ƙwararre? Kuma ta yaya zan gane na samu na kirki?

Ɗan Gulbi:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba ki lahiya Maman Nana. Ni dai in za ki ji tawa ki gwada Kano, bai kai rabin nisan Yamai ba, ta Ɗan Isa ki bi Jibiya ki faɗa Katsina shi ke nan. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano akwai ƙwararru fanni-fanni. Sai dai ki riƙa tambayar halin hanya kafin ki tashi, kuma takardunki na Faransanci ne, ki samu mai fassara musu.

Majo Mai Ritaya:

Sannu ɗiyata, Allah ya sawwaƙe. Ɗan Gulbi ban ƙi taka ba, amma ita ba gano cutar ya rage mata ba, an riga an gano. Abin da take nema yanzu mai bin ta ne wata-wata, wannan kuwa ba ya yiwuwa daga wata ƙasa, ko daga Yamai ma ba ya yiwuwa.

Maman Nana ki kwantar da hankalinki, ba dole sai ƙwararre ba. Aikin lokotoron gaɓoɓi shi ne ya tabbatar ba wata cutar ce ta ɓoye ba, irin su sanyin gaɓoɓi mai kumburi ko lufus ko matsalar tiroyid, kuma ya yi. Ko a Turai yawancin masu wannan ciwo janaralis ne ke bin su, wato lokotoron da ke duba kowace irin cuta. Ki nemi janaralis guda, ko lokotoron cututtukan ciki na manya, a CHR wato asibitin jiha, ko babban asibitin Referans ko wata kilinik da kika san mutum guda ne ke zama, ki tambayi ranakun da yake duba mutane ki riƙa ɗaukar randebu da sunanshi. Guda fa nake cewa. Canje-canjen nan shi ke ɓata komi, don magungunan ciwon nan a hankali ake hawa da su, sai an yi makonni kafin a san ko sun karɓe ki, in kowane zuwa sabon mutum ne to kowa zai soke na wancan ya fara nashi.

Shi kuma wanda ya ce miki ba ki da komi, bai karanta ba ne kawai. Hukumar lahiya ta duniya ta sa fibromiyalji cikin jerin cututtuka tun 1992. Analiz ya hito lahiya don ba a jini take ba, ba kuma a ƙashi ba, shi ya sa radiyo, wato hoton ƙashi, ma ba ya nuna ta. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ƙara wa saƙon ciwo ƙarhi, abin da wani zai ji ɗan matsi ke sai ki ji zahi sosai. A 1990 likitocin gaɓoɓi na Amurka suka kafa ƙa'idar danna wurare 18 a jiki, in 11 sun yi ciwo, daga 2010 aka koma duba yawan sassan jikin da ke ciwo tare da gajiya da barci da mantuwa na aƙalla wata 3. Kusan mutum 2 cikin 100 ke da ita, mata sun hi yawa. Don haka ba ke kika ƙirƙiro ta ba.

Yadda za ki gane na kirki, ki lura da tambayoyinshi. In ya tambaye ki yaya barci, wane aikin gida kike iyawa wane ya gagare ki, yaya zuciyarki, to kin samu. In ya ce "ban san ta sosai ba amma ba ni lambar na Yamai mu yi magana", wallahi ki riƙe shi da hannu biyu, ya hi mini wanda zai nuna ya san komi. In kuwa kina shiga tun ba ki gama zama ba ya jawo takarda ya rubuta allura da kortikoyid wato maganin kumburi mai ƙarhi, ki yi godiya ki hita, don kortikoyid ba ya maganin wannan ciwo, diklofenak ma amfaninshi kaɗan ne a nan, kuma shan shi kullum na cin ciki da ƙoda.

Akwai wani haɗarin kuma da mutane ba su faye kula ba, lokotoron da ya yarda da cutar har ya koma komi kika kawo sai ya ce fibro ce. A'a. Zazzaɓi ba nata ba ne, kumburin gaɓa ba nata ba ne, rama ba dalili ba nata ba ce. In damina ta shigo jikinki ya yi zahi a yi miki gwajin masassara kamar kowa.

Ummi Ali Ɗan Tsoho:

Yaya Maman Nana sannu, karanta naki na yi kamar ni na rubuta, nima ita ce ke gare ni. Abin da ya taimake ni wajen lokotoro wani ɗan littahi ne na 'yan makaranta, kullum da dare in rubuta ciwo yau nawa ne cikin 10, na yi barci ko ban yi ba, me na yi da rana, ko wanki ko daka ko zuwa biki. Ranar randebu sai in aje mishi gabanshi tare da karne da takardar Yamai, fotokopi nake kaiwa, na asali suna gida cikin leda. Ranar farko da ya buɗe littahin ya yi shiru yana bin layi da biro, sai ya ce "kin lura duk ranar da kika yi wanki mai yawa, kwana biyu na gaba ciwon na hawa?" ni ban ma taɓa lura ba. Tun daga nan ya daina kallona kamar mai raki. Yanzu wanki kashi-kashi nake yi, a zaune.

Laroxyl kuma ki yi haƙuri da shi, farko zai busar miki da baki, da sahe kanki ya yi nauyi, ni sai da ya ce in riƙa sha tun bayan isha'i maimakon sai zan kwanta, sannan abin ya yi dama. Kar ki yanke shi kai tsaye da kanki. In kina neman ciki ko kina shayarwa ki faɗa mishi tun wuri. Kuma kafin azumi ki je ku tsara lokacin sha, bushewar baki da zahin Maradi ba wasa ba.

Sannan ki roƙe shi ya haɗa ki da masu kine, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki da tausa. Na san in an ce motsa jiki haushi yake ba mutum, ke da tashi ma ke miki wuya, amma gaskiya shi ya hi yi mini aiki. Da 'yan mintuna na fara, zagayen tsakar gida bayan asuba kafin rana ta hito, yanzu ina kai yara makaranta a ƙafa in dawo.

Majo Mai Ritaya:

Ummi ta faɗi gaskiya. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai da ta sake duba hanyoyin maganin nan, motsa jiki kaɗai ta ba goyon baya mai ƙarhi, magunguna irin su amitiriptilin wato Laroxyl ɗin nan, da duloksetin da piregabalin duk bayanshi suke. Na manta ban faɗa ba ɗazu, in ya ce ki ga lokotoron ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kar ki ɗauka ya ce kin haukace, ciwo mai daɗewa na jawo damuwa, damuwa kuma ta hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo.

Abu Sudais:

Allah ya ba da lahiya 'yar uwa. Ki haɗa da addu'a, amma kar wani ya ce miki sammu ne ki watsar da asibiti, an cinye wa ƙanwar matata kuɗi masu yawa ta wannan hanya. Na biyu don girman Allah ki nisanci tramol na masu yawo da magani a tire, za a ce miki sha guda ki ga aiki, kuma kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu 'yan kabu-kabu.

Majo Mai Ritaya:

Ƙwarai Malam, balle ita da ke shan Laroxyl, haɗa su na iya jawo farfaɗiya. Piregabalin ma kar ta saya sai da ordonansi, a farmasi.

Maman Nana:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, Baba Majo Allah ya ƙara girma. Akwai wata lokotoro mace da ta taɓa duba innata kan tansiyo, na ga tana da sauraro, zan sa a bincika mini ranakunta. Na kira sakataren na Yamai ya ce za a iya rubuto mata takarda. Ummi don Allah littahin nan, kina rubuta wurin da ke ciwo ɗaya bayan ɗaya ne ko lamba guda kike sa wa na yinin duka? Kuma kine ɗin sai da takardar lokotoro suke karɓar mutum?