Karen ƙanwata na da cutar Kushin, ta yaya zan taimaka mata?

Jama'a, shawara nake nema. Likitan dabbobi ya tabbatar wa ƙanwata cewa tsohon karenta na da cutar Kushin, wato jikinsa na fitar da sinadarin kotizol fiye da kima. Ya ce a kusan 80 zuwa 85 cikin 100 na karnukan da ke da ita, ɗan ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke jawo ta. Alamomin duk ga su: shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yawan fitsari, ciki ya yi tulu, gashi na zuba, ga haki ko yana kwance.

An ɗora shi a kan wani magani mai suna Vetoryl, ana haɗa masa da abinci, za a kuma yi gwajin jini na ACTH, mai auna yawan kotizol, bayan kwana 10 zuwa 14.

Ƙanwar tawa ce damuwata. Ta gaji da goge fitsari har tana son ta rage masa ruwa da dare. Na ce kada ta kuskura, ciwon ne ke sa shi ƙishirwa, sai ta ɗauka faɗa nake mata. Kuma tun da likita ya ce idan karen ya fara amai, gudawa ko ƙin abinci a dakatar da maganin a kira shi, domin kotizol na iya yin ƙasa sosai, ko loma ɗaya ya bari sai ta kira ni tana kuka.

Ku da kuka yi jinyar kare mai wannan ciwo, ta yaya kuka bambance kasala ta yau da kullum da wadda ke buƙatar likita nan take? Fitsarin dare fa, me kuka yi kafin maganin ya kama?