Akwatin wutar kwamfuta mai wat 450 zai ɗauki ƙarin faifan ajiya uku?

Mai Bidiyon Biki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, kuma faifan ajiyata guda biyu sun cika maƙil. Ba na goge aikin kowa. Ko a watan jiya wata uwar amarya ta zo neman hoton mahaifinta da ya rasu, a bikin da na ɗauka shekara uku baya, na samo mata, ta zauna a shagon tana hawaye. Shi ya sa na sayo faifai uku masu 4TB, manyan nan na inci 3.5. Kwamfutar tana da furosesa i5-3470 da katin hoto GTX 1050 Ti, akwatin wutar kuma wat 450 aka rubuta. Zai ɗauka? Kan wayar SATA, mai kai wa faifai wuta, biyu kaɗai suka rage.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Malam. Furosesarka wat 77 ce, katin 75. Faifai in yana aiki bai wuce wat 6 zuwa 9 ba. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin kunnawa: injin da ke juya faifan yakan ja kusan amfiya 2 a layin bolt 12, wato wat 24, na 'yan daƙiƙoƙi. Biyar a tare, 120 ke nan. Duk da haka ba ka kai 300 ba.

Amma kada ka yarda da 450 ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro. Kwance murfin kwamfutar, ka karanta takardar da ke jikin akwatin, ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashin +12V. In 30 ne ko sama, bismillah. In 16 ko 18 ka gani, canza shi tun kafin ka ji faifai yana ƙas-ƙas.

Hajiya Mai Kafe:
Ɗan uwa, tunda kan wayar biyu ne faifai uku, don Allah ka kiyayi wayar nan mai araha da ke juya Molex (tsohon kan wayar wuta) zuwa SATA, wadda aka narka roba a kanta. Tawa ta kama da rana tsaka, warin roba ya cika shago, faifan ya tafi da takardun ɗalibai. Nemi wadda ake ganin wayoyinta a maƙale, kuma kada ka jera faifai huɗu a waya ɗaya.

Mai Bidiyon Biki:
Allah Ya saka da alheri. Na duba, 32A ne. Sai dai na tarar ramin SATA huɗu ne a madabod ɗin, faifai kuma biyar. Gobe zan leƙa masu kayan kwamfuta na Beirut Road a Kano in nemo katin ƙara ramukan SATA.