Abin da aka tattauna kan jiran ruwan zafi a famfon da ke nesa da hita

1. Kowa ya yarda sai ruwan sanyin da ya kwana a bututu ya fice tukuna kafin ruwan zafi ya iso. Bututun roba na PPR mai kaurin milimita 20, tsawon mita 20, yana riƙe kusan lita 3, mai 25 ya haura 4. Don haka kada a ƙara kaurin bututun ruwan zafi.

2. Mafi yawa sun zaɓi ƙaramar hita mai lita 10 ko 15 kusa da banɗakin nesa. Ni ma nan na karkata.

3. A naɗe bututun da ke sarari da soso, hunturun Kano yana shanye zafinsa.

An rabu kan injin zagaya ruwa, mai juya ruwan zafi a cikin bututu don kada ya huce. Wasu sun yaba, wasu suka ce sai an fasa bango a ja bututun dawowa, kuma da an ɗauke wuta ya tsaya.

Kafin gyara, a tari ruwan farko a bokiti.