Kwamfuta zan saya ko kayan ɗab'i? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum. Ina aji 3 a karatun zane a Zariya, kuma baɗi zan fara aikin kammalawa. Burina shi ne in ɗauko adon da magina ke yi a bangon gidajen birnin Zazzau da aska takwas ta babbar riga, in sassaƙa su a kan lino, wato wani faifai mai laushi kamar roba, in buga a takarda, wasu kuma in buga su a yadi da raga, wato ƙyalle mai ƙananan ƙofofi da ake ɗaurewa a firam a tura tawada ta cikinsa. Kawuna ya ba ni naira dubu 400, kuma ba za su isa abu biyu ba: ko dai kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu wadda za ta ɗauki manhajar zane ta CorelDRAW, ko kuma teburi da firam da raga da tawada da wuƙaƙen sassaƙa. Ɗaki ɗaya muke zaune da ƙawata, kuma ba kasuwanci nake nufin buɗewa yanzu ba.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki kama shago kusa da makarantun firamare ki riƙa buga musu baji da rigunan wasanni, domin duk farkon zangon karatu akwai aiki.

Malama Mai Zane: Abban Sadik, ai ta faɗa cewa ba shago take nema ba. Ƙanwata, lino ba ya buƙatar kwamfuta ko injin matsi. Idan kika shafa tawada da rola kika ɗora takarda, bayan cokali ya isa ki goga har hoton ya kama, sai dai ki tuna cewa abin da kika sassaƙa a juye yake fitowa, don haka duk rubutu a juye za ki zana shi. Ita ma raga ana iya zana mata hoto da baƙar tawada a takarda mai shara-shara, a shafa wa ragar magani, a ɗora takardar a kanta a gasa ta a rana. Ni da dubu 60 na haɗa nawa kayan bara.

Baba Mai Ɗab'i: 'Yata, ki saurari wanda ya tsufa a cikin tawada. Gabanin zaɓen 2023 wani ɗan takara ya aiko yaransa cewa suna son riguna dubu 2 masu hotonsa, launi uku, aka ba ni kafin alƙalami wanda bai kai kuɗin rigunan ba, aka ce sauran sai an kawo kaya. Na ci bashin riguna a Kantin Kwari, na ɗauki yara huɗu, muka yi ta aiki dare da rana a tsakiyar hunturu, lokacin da tawada ke bushewa a cikin raga tun kafin ka ja ta sau goma, ga ƙura tana manne wa duk rigar da aka shanya. Kowane launi da firam ɗinsa, kuma idan na biyu ya kauce wa na farko ko da ƙanƙane ne, fuskar mutum ta lalace, rigar ta zama asara. Muka kai kaya, suka raba, mutumin ya faɗi zaɓe. Tun daga ranar wayarsa ba ta shiga, wanda ya kawo aikin kuma ya ce shi ma ɗan aike ne. Janareta na sayar na biya mai riguna.

Abban Sadik: Innalillahi. Baba, Allah ya mayar da alheri. Amma launi uku a riga dubu 2 ba tare da rabin kuɗi a hannu ba, akwai ganganci a ciki.

Baba Mai Ɗab'i: Ɗana, wanda bai taɓa ganin Alhaji ya rantse masa a gaban jama'a ba shi ne yake faɗin haka.

Ɗan Fagge: Da ya ci zaɓen ma, Baba, sai dai a ce ka dawo bayan rantsarwa. Ni yanzu ɗan siyasa ko katin suna yake so, sai na ga alat kafin in kunna kwamfuta. Malama kuma, dubu 60 ɗin nan a wace kasuwa? A watan jiya tawada da maganin shafa raga kaɗai sun ci mini fiye da haka, tun da duk daga waje ake kawo su.

Malama Mai Zane: Kai tawadar riga ɗari kake saye, ita kuwa gwaji za ta yi. Ba lissafi ɗaya ba ne.

Injiniya Sabon Gari: Kwamfuta mai kyau ta hannu ba ta wuce dubu 180, saura kuma ta sayi kayan bugu. Ban ga abin wahala ba.

Ɗan Fagge: Ta dubu 180 idan ka buɗe CorelDRAW sai ka je ka yi sallar la'asar ka dawo kafin ta farka. Ƙasa da dubu 350 kada ta taɓa.

Tsohon Ɗalibi: Ina ganin an manta cewa mai tambayar ɗalibar fasaha ce. Makarantar da take ita ce ta yaye Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne a haɗa dabarun da aka koya a aji da adon gargajiya na gida, wanda shi ne ainihin abin da take son yi. Da aikin hannu Onobrakpeya ya yi suna a ɗab'i. Shawarar masu buga rigar kamfe ba ta shafe ta ba.

Baba Mai Ɗab'i: Malam, ɗaliban da ake turo mini koyon aiki na wata shida, da digirinsu a gaba, ni nake koya musu yadda ake ɗaure raga ta yi tauri. Tarihi ba ya wanke firam.

Ɗalibar Samaru: Na gode ƙwarai, Baba da sauran yayyena. Har yanzu dai ina so in ji ko bugun raga zai yiwu a ɗaki ɗaya, saboda warin magani da wurin wanki.

Ɗan Fagge: Kafin nan, ƙanwata, duk abin da kika zana kada ki tura wa kowa a WhatsApp ba tare da kin rubuta sunanki a tsakiyarsa ba. Wata mata ta sa na zana mata tambarin shagon turare, na gyara sau da yawa har ta ce ya yi, sai ta ce za ta yi shawara da maigida. Bayan sati biyu na ga tambarin a jikin kwalabenta, wani ya buga mata da araha.

Malama Mai Zane: Ni dangi ne suka fi damuna. Katin biki, katin suna, kalandar islamiyya, duk sai a ce ai ɗan danne-danne ne a kwamfuta, kuma ranar da ka ambaci kuɗi sai maganar ta kai gaban iyaye.

Abban Sadik: To ku nawa kuke karɓa kuɗin zane kaɗai, ban da bugu? Ni har yau cikin kuɗin bugu nake cusa shi, domin idan na ware shi ba mai biya.