Tsohon Karen Tsere Zai Iya Sabawa da Sabon Gida?

Baban Amira: Salamu alaikum 'yan uwa. Na je wani gidan kula da karnuka marasa masu a nan arewacin Ingila, na ga wani karen farauta mai shekara 7, irin dogayen nan da Turawa ke kira greyhound. Tsere ya yi har aka yi masa ritaya. Ina so in ɗauke shi saboda zomayen da ke cinye mini kayan lambu. Kawu ya ce kada in kuskura.

Kawu: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma zan maimaita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka taso cikin mafarauta a Damagaram, kwikwiyo ake ɗauka, ya san ƙamshinka, ya san fitonka, ya ci daga hannunka. Karen da ya yi shekara 7 yana bin wani, zuciyarsa tana can. Za ka yi ta ciyar da baƙo ne kawai.

Anti Likita: Kawu, da girmamawa, a nan ban yarda ba. Na duba irin karnukan nan da yawa a wurin aikina. Yawancinsu ana daina tsere da su tsakanin shekara 3 zuwa 5, alhali suna iya kaiwa 12 har 14. Ba su taɓa samun mutum ɗaya da ya zama nasu ba, a keji suka girma, hannu daban-daban ke kula da su. Shi ya sa idan suka samu mai shi, suke manne masa ƙwarai. Abin da ba su sani ba shi ne gida. Matakalar bene tana ba su tsoro, ƙofar gilashi sai su yi karo da ita, ƙarar injin shara ta sa su ɓuya. Cikin makonni suke koya. Kuma abin da ke ba mutane mamaki, dabbar da ke gudun kusan kilomita 70 a awa, yawancin yininta barci take yi.

Kawu: To farautar fa, 'yata? Wanda bai taɓa bin zomo na gaske ba?

Anti Likita: Nan kam kana da gaskiya. Zomon roba ya saba bi a shararren fili. A gona akwai ramuka da waya, fatarsa kuma siririya ce, nan da nan take yagewa. Ga shekaru. Ni ba zan sake shi a guje a can ba. Zai kuma bi kyanwar maƙwabta kamar yadda zai bi zomo, don haka sai da igiya da takunkumi a farko.

Malam: Ni abin da ya dame ni daban ne. Hadisi ya halatta riƙon kare don farauta, ko kiwo, ko gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin da aka koya wa farauta. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Amma wannan ba shi da kitse, ba shi da gashin kirki, ba zai iya kwana a waje cikin sanyin Ingila ba. A ina zai kwana? Idan cikin ɗaki ne, magana ta canza.

Baban Amira: Allah ya gafarta Malam, ina da rumfa a bayan gida mai na'urar ɗumama, kuma ana sa musu riga.

Maman Sadiq: Yaya, ka lissafa kuɗi tukuna. Haƙoran karnukan nan suna lalacewa, likitan dabbobi kuma a ƙasar nan ba arha. Inshorar tsohon kare ta fi tsada. Amma ni tausayinsu nake ji. Tun da jihar Filorida ta Amurka ta kaɗa ƙuri'ar hana tseren a 2018, aka rufe filayen a ƙarshen 2020, na fara bibiyar labarinsu. Matasan ake rububi, tsofaffin su ne ke daɗewa a keji ba mai kallo.

Kawu: Tausayi daban, aiki daban. In don zomo ne, ya kewaye lambun da raga.

Baban Amira: Ragar zan sa, Kawu, na ji wannan. Amma masu gidan kula da karnukan sun ce zan iya riƙe shi na ɗan lokaci kafin in yanke shawara. Ranar Asabar zan koma da Amira, mu zagaya da shi a igiya mu ga yadda zai yi da yarinya. Malam, zan kira ka bayan la'asar a kan maganar kwanan.