Auna sukarin cingam a aji: wa ya taɓa yi?

Malama Rabi: Assalamu alaikum malamai. Ina so 'yan SS2 su fitar da kason sukarin da ke cikin cingam mako mai zuwa. Don Allah me zan tanada?

Malam Auwalu: Wa alaikumus salam. Sikeli ne kan gaba, Malama. Ƙwayar cingam giram 2 ce zuwa 3, sikelin kicin ba zai nuna miki komai ba. Ki nemi ƙarami mai batir, irin na masu sayar da gwal, mai karanta giram 0.01. Ki duba Sabon Gari. A auna cingam a kan takardarsa, a tauna har zaƙin ya ƙare, a mayar kan takardar, ya bushe, a sake aunawa. Nauyin da ya ɓace shi ne sukarin, domin sukari yana narkewa a yawu, danƙon kuwa ba ya narkewa.

Malam Garba: Taunawar ce ban yarda da ita ba. Kullum muna hana yara sa abu a baki a ɗakin gwaji, yau kuma mu ce su tauna? Ga masu azumin Litinin da Alhamis. Ni ruwan ɗumi nake zubawa a kofi, su riƙa murza shi da cokali suna canza ruwan har ya daina fita da launi.

Malam Auwalu: Gaskiya ne ranka ya daɗe, ruwan ɗumin ya fi tsabta. Sai dai yana cin lokaci.

Malama Zainab: Yaya Rabi, inda ake faɗuwa shi ne busarwa. Cingam mai danshi yana ɗauke da nauyin ruwa, sai sukarin ya fito ƙasa da yadda yake. Ki bar shi ya kwana biyu. Yanzu da hunturu zai bushe da wuri, amma ki kifa masa rariya saboda ƙura. Ki auna yau, ki auna gobe, in lambar ba ta motsa ba to ya bushe. Lissafin ba wuya: in da farko 3.00 ne ya koma 0.90, an rasa 2.10, ki raba da 3.00 ki ninka da 100, kashi 70 cikin ɗari ke nan. Kada yara su manta su cire nauyin takardar.

Malama Rabi: Wane iri zan saya?

Malama Zainab: Ki shiga kasuwar Singa ki ɗauki fakiti guda iri ɗaya, don sakamakon rukunoni ya kwatantu. Ki haɗa da wanda aka rubuta babu sukari. Shi ma nauyinsa zai ragu sosai, saboda sorbitol da xylitol, abubuwan zaƙin da ake sa masa a madadin sukari, suna narkewa. A nan yara za su gane cewa sikeli duk abin da ya narke yake nunawa, ba sukari kaɗai ba.

Malam Garba: Kada ki zubar da ruwan farko, ki gwada shi da ruwan Benedict, shuɗin sinadarin da ake gwajin sukari da shi. Sukarin rake shi kaɗai ba ya sauya shuɗin, sai an dafa shi da ɗan asid mai rauni an kashe asid ɗin da bakin soda. In ya yi ja tun kafin haka, akwai gulukos a ciki.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri. Malam Auwalu, ko zan samu aron sikelinka?

Malam Auwalu: Ki turo yaro ranar Asabar bayan la'asar, ina Gwale. Ki sayi batir sabo.