Abin da masu lambu a Ingila suka ce kan shuka burokoli mai rassa

Da masu lambu a Ingila suka tattauna kan burokolin nan mai launin shunayya, wani kayan lambu dangin kabeji wanda ke fitar da ƙananan kai da yawa maimakon guda ɗaya babba, kusan bakin kowa ya zo ɗaya: shuka ce ta mai haƙuri. A Ingila ana zuba iri a Afirilu ko Mayu, amma sai Fabrairu zuwa Afirilun shekara mai zuwa ake ɗiba. Yawancin irinsa sai ya sha sanyin hunturu kafin ya fitar da kai.

Ana fara shi a ɗan kwano, a binne irin zurfin kamar santimita 1, a dasa bayan makonni 5 ko 6. Tazara kuwa santimita 60, kar a yi rowar fili, domin yana girma sosai. Wasu sun nace a danne ƙasar gindinsa da ƙafa, a kafa masa sanda, in ba haka ba iskar hunturu ta kwantar da shi.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne maƙiyansa. Farin malam-buɗe-littafi yana ƙwai a bayan ganye, tsutsarsa ta cinye shi kamar yadda take yi wa kabeji. Da sanyi kuma tantabarun daji su sauko su tsige shi tas. Maganin duka biyun raga ce mai ƙananan ido, kuma a ganina tun ranar dashe ya kamata a rufa ta.

A fara yanke kan tsakiya kafin furen rawaya ya buɗe, sai rassan gefe su yi ta fitowa har tsawon makonni.